Faifai a mota ko layin intanet: yadda za ka kai kwafin VM cibiyar ko-ta-kwana

Cikin daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa. Ginin da ake kira SBG2 ya ƙone ƙurmus, wani sashe na maƙwabcinsa SBG1 ma ya lalace. Kafin rana ta take, Octave Klaba, wanda ya kafa kamfanin, ya shawarci abokan hulɗarsu da kowa ya tayar da shirinsa na ko-ta-kwana. Masu shirin suka tayar. Wasu kuwa sai a ranar suka gano cewa ajiyar da suke taƙama da ita a harabar da ta ƙone take.

Duk wanda ke riƙe da sabobin wata ma'aikata, wato manyan kwamfutocin da ayyukanta ke gudana a kansu, ya san maganin wannan: a samu wuri na biyu mai nisa, a ajiye kwafin kowace VM a can, wato kwamfutocin nan da ake ƙirƙira a cikin sabar guda su yi ta aiki kamar na gaske, sannan a riƙa tura musu duk sauyin da aka yi a gida. Faɗar wannan ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da ka zauna da terabait 4 na faifan VM a gabanka, da layin intanet da ma'aikata ke kuka da shi tun kafin ka ɗora masa wani nauyi. A nan tambayoyi biyu ne ke jiran ka, kuma mutane kan cakuɗa su: ta yaya kwafin farko zai isa can, sannan da wane kayan aiki za a riƙa bin sa da sauye-sauye. Ra'ayina shi ne ba a amsa ko ɗaya daga cikinsu sai an auna yawan abin da ke sauyawa a faifan kullum. Girman faifan sau ɗaya zai wahalar da kai. Sauyin yau da gobe kuwa shi za ka zauna da shi shekara da shekaru.

Bari mu yi lissafin a fili. A ce VM ɗinka duka terabait 4 ne, layin da ke tsakanin wuraren biyu kuma yana tura megabit 50 a daƙiƙa. In ka bar wa aikin layin gaba ɗaya, dare da rana, ba katsewa, kwana bakwai da rabi ne. Amma babu shugaban ma'aikata da zai yarda ka rufe wa mutane intanet mako guda, don haka da dare za ka yi. Awa goma na dare a wannan gudun gigabait 225 ne kawai. Dare goma sha takwas ke nan. To a ce kashi 5 cikin 100 na faifan ne ke sauyawa a yini, gigabait 200 ke nan, kusan duk abin da daren zai iya ɗauka. Matse bayanai zai rage wani abu, amma ba zai yi abin al'ajabi ba, musamman a hotuna da takardun da aka riga aka matse. Wanda lissafinsa ya fito haka, matsalarsa ta wuce ta kwafin farko. Ko aljani ne ya kai masa kwafin cikin ƙiftawar ido, washegari layin zai fara bin sa bashi.

Shi ya sa nake cewa a fara da awo. Mafi sauƙin hanya ita ce ka duba girman ajiyar ƙari ta kullum, wato ta abin da ya sauya kawai, da manhajar ajiyarka ke yi, na tsawon wata guda cur, don ƙarshen wata ya shiga ciki, lokacin da ake rufe lissafi da biyan albashi. Kada ka ɗauki matsakaici ka tsaya. Dubi ranar da ta fi kowace nauyi. Kuma za ka yi mamakin yawan sauyin da ba shi da amfani: fayil ɗin musanya na Windows, teburan wucin-gadi na rumbun bayanai irin tempdb, ajiyar da wani ya saita ta riƙa zuba a cikin faifan VM ɗin kanta kowane dare. A ware waɗannan a faifai na daban, a cire shi daga jerin abin da ake turawa. Na sha ganin wannan ɗan gyaran ya sauke nauyin layi fiye da duk abin da za a saya da kuɗi.

Hanyoyin kai kwafin farko

Hanya ta farko ita ce a tura komai ta layi. Ita ce mafi tsafta. Ba faifan da zai ɓace, ba wanda zai hau titi, kuma manhajar da ta fara aikin ita ke ƙarasa shi, ba hannun mutum a tsakiya. In kana da faiba mai gigabit 1 tsakanin wuraren, terabait 4 wajen awa tara ne, ka fara bayan sallar isha'in Juma'a ka tarar an gama da safe. Mai irin wannan layi bai da dalilin karanta sashe na gaba. Ko mai ƙaramin layi ma, in VM ɗin ƙanana ne, zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mafi muhimmanci, ya ƙayyade gudun da rana, ya sake shi da dare. Abin tambaya ga kowace manhaja shi ne: in layi ya katse a tsakiya, daga inda ta tsaya za ta ci gaba ko daga farko? A wurin da wuta ke ɗaukewa, ake yawan tsinka faiba wurin aikin titi, amsar wannan tambaya ta fi saurin da aka rubuta a takardar talla muhimmanci.

Hanya ta biyu ita ce a zuba kwafin a faifai, a sa a mota. Masu sana'ar suna kiran wannan kwafi iri, don a kansa sauran ke tsirowa. Daga Kano zuwa Abuja fiye da kilomita 400 ne. Motar da ta ɗauki terabait 4 ta isa cikin awa bakwai ta yi daidai da layi mai sama da gigabit 1. Sai dai wannan lissafi yana ruɗi in an manta da abin da ke gabansa da bayansa. Faifan USB na gama-gari mai juyi yana rubuta wajen megabait 130 a daƙiƙa, wato awa takwas da rabi kafin ya cika, sannan wasu awa takwas da rabi a sauke a can. Bayan nan manhajar ba za ta ɗauki maganarka ba cewa kwafin daidai yake. Za ta karanta faifan gida da na can daga farko har ƙarshe, gutsure-gutsure, tana kwatanta tambarin lissafin kowane gutsure, ta tura wanda ya bambanta kawai. Wannan karatun ba ya cin layi sosai, amma yana cin faifan gida, kuma ma'aikata za su ji komai ya yi nauyi. Gaba ɗaya, kwana biyu zuwa uku ne aikin. Don haka ma'aunina: in layi zai gama cikin kwana uku ko huɗu, a bar mota. In ya kai mako biyu, a nemo faifai.

Iri kuma yana tsufa. Wannan na koya a jikina. Mun taɓa cika faifai biyu a wata ma'aikata ranar Alhamis, na naɗe su a soso cikin jakar baya, na riƙe ta a cinya har muka isa. Da muka je, sai muka tarar sabar da za ta karɓa ba a gama haɗa ta ba, ana jiran wani sashe. Faifan suka kwanta a durowa mako biyu. Cikin makonnin nan ƙarshen wata ya zo, Windows ya sabunta kansa a dukkan VM ɗin. Da aka tashi kwatantawa, bambancin ya yi yawan da sai da layi ya ƙara kwana huɗu yana fama. Tun daga nan ba na danna kwafi sai wanda ke can ya tabbatar min sabar tana kunne, wurin ajiya a shirye, layin tsakani kuma an gwada shi.

Abu biyu ba na sassauci a kansu a wannan hanya. A kulle faifan da BitLocker ko LUKS, ko da kullen da manhajar ajiyar ke da shi, kuma kalmar sirrin ta bi wata hanya dabam, kada a liƙa ta a jikin faifan. Abin da ke ciki albashin mutane ne, da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai, kuma a Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Na biyu, kada a ba direban tasha saƙo. Ma'aikacin da aka sani ya riƙe, a hannu, kuma in da hali a yi kwafi biyu, don faifai mai juyi ba ya son ramin titi.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma sau da yawa ita ce mafi arha: a yi amfani da abin da ya riga ya isa can. In dama kana tura ajiyar bayanai zuwa wurin na biyu, to irinka yana can tuni. A dawo da VM daga ajiyar jiya a sabar can, a nuna wa manhajar cewa ga kwafinta, ta kwatanta ta cike giɓin. Ba mota, ba dare goma sha takwas. Sharaɗinta kawai faifan da aka dawo da shi ya zama na VM ɗin nan ne ainihi. In aka yi kuskure aka haɗa VM da faifan wata, manhajar za ta shafe abin da ke ciki ta rubuta nata, ba tare da ta tambayi kowa sau biyu ba.

Yadda kowace manhaja ke karɓar iri, da abin da za ta ba ka bayan nan

A nan sai an kawo awo biyu da kowa a sana'ar ke ambata. RPO shi ne yawan aikin da za ka iya haƙurin rasawa, na minti biyar ne ko na yini guda. RTO kuma tsawon lokacin da za a ɗauka kafin aiki ya dawo. Masu ma'aikata ne ya kamata su faɗi waɗannan, a rubuce, bayan an nuna musu kuɗin kowanne. In ka tambaye su kai tsaye, kowa sifili zai ce.

Mai amfani da Hyper-V, manhajar Microsoft ta gudanar da VM, ya fi kowa sa'a a wannan fanni, don Hyper-V Replica a cikin Windows Server yake tun fitowar 2012, ba a biyan komai a kansa. Tun daga 2012 R2 ana zaɓar tura sauyi duk daƙiƙa 30, ko minti 5, ko minti 15, kuma ana iya ajiye matsayai, wato yanayin faifan a wasu lokuta da suka wuce, har 24 na awa-awa don komawa baya. Dukkan hanyoyi ukun da na ambata suna nan a allon saitinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yi da faifan mota: da zarar an gama fitar da kwafin, sai ya fara tura sauye-sauye ta layi suna taruwa a can, faifan na isowa a shigar da shi su hau kansa. Rauninsa kuma sananne ne. In layi ya daɗe a katse har kundin sauyin da ya taru ya kai rabin girman faifan, sai ya ce dole a sake daidaitawa, a koma karatun faifai duka. Kuma ba ya tsara maka wace VM za ta fara tashi ranar masifa, wannan kai za ka rubuta.

A ɓangaren VMware akwai vSphere Replication, mai RPO daga minti 5 zuwa awa 24, da ƙarin lasisi kuma a sauka zuwa minti 1. Yana aiki ne a cikin ESXi, manhajar VMware da ke gudanar da VM, yana lura da gutsuren da suka sauya ba tare da ya ɗauki hoton faifan VM ɗin gida, wato daskarar da yanayinsa na wannan lokacin, kowane zagaye ba. Iri a wurinsa fayil ɗin VMDK ne, wato fayil ɗin faifan VM: a kashe VM, a kwafe fayilolin, a zuba su a ma'ajin can, a zaɓe su lokacin saiti. Wannan kashewar ita ce wahalarsa ga sabar da ba a so ta tsaya, shi ya sa a nan na fi son hanya ta uku. Tsara tashin VM bi-da-bi aikin wata manhaja ce ta daban da aka daɗe ana kira Site Recovery Manager. Tun da Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, duk mai shirin dogara da wannan layi ya nemi farashin shekara uku a rubuce kafin ya gina komai, ya tuna kuma sabobin can ma suna buƙatar nasu lasisin.

Veeam, manhajar ajiyar bayanai, shi na fi ba matsakaiciyar ma'aikata shawara, in dama da shi take ajiya. Dalilin shi ne fayil ɗin ajiyarsa da kansa ke zama iri: an riga an matse shi, ana iya kulle shi, kuma ba sai an kashe VM ba. A kwafe shi a faifai, a kai ma'ajin can, a ce wa aikin ya fara daga nan. Yana kuma iya ciyar da kwafin can daga ajiya maimakon ya taɓa sabar da ke aiki, yana sauya adireshin IP ranar juya aiki zuwa can, yana ajiye matsayai har 28 a VMware. Amma hanyarsa ta yau da kullum ta ɗaukar hoton faifai ce, ya tura bambanci, ya goge hoton. Lokacin gogewar nan VM mai yawan rubutu takan ɗan sandare, kuma duk wanda ya taɓa ganin rumbun bayanai ya watsar da masu amfani da shi saboda haka ba zai so maimaita zagayen duk minti goma ba. Don irin waɗannan ne suka ƙara tsarin turawa ba tsayawa a fitowa ta 11, a 2021.

Wannan tsarin na turawa ba tsayawa shi ne gidan Zerto, wanda HPE ya saya a 2021. Kowane rubutu ana kwafe shi nan take a tura, RPO ya koma 'yan daƙiƙoƙi, kuma akwai kundi da zai iya riƙe tarihin har kwana 30. Kundin nan ya fi daƙiƙoƙin daraja a wurina. Kwafi mai biyayya duk abin da aka yi a gida yake yi, har ɓarna. In masu garkuwa da bayanai suka kulle faifanka da ƙarfe biyu na dare, kafin biyu da minti ɗaya kwafin can ma ya kulle. Abin da zai cece ka shi ne ikon komawa ƙarfe biyu saura. Sai dai tsada gare shi, kuma layin dole ya iya ɗaukar sa'ar da ta fi cunkoso, don gutsuren da aka sake rubutawa sau hamsin cikin awa, kusan sau hamsin ɗin za a tura shi, alhali mai zagayen awa-awa sau ɗaya zai tura. A ba shi VM biyu ko uku da ma'aikata ba ta iya numfashi sai da su, sauran su bi hanya mai arha.

Masu Proxmox, wata manhajar gudanar da VM, da ZFS, tsarin adana fayiloli a faifai, suna da sauƙi na musamman. ZFS ya san ainihin gutsuren da suka sauya tsakanin hoto da hoto, don haka in ka fitar da kwafin farko a faifai da zfs send, ka shigar a can da zfs receive, ba wani karatun kwatantawa, sai tura ƙari kawai. Sharaɗin ɗaya ne: hoton da aka yi irin da shi ya ci gaba da zama a ɓangarorin biyu. Ka goge shi bisa kuskure, ka koma farko. A kula kuma, tsarin kwafin da ke allon Proxmox tsakanin sabobin gungu ɗaya, wato waɗanda aka haɗa suna aiki tare, yake aiki, gungu kuwa ba ya jure jinkirin layi mai nisa. Tsakanin gari da gari, pve-zsync ko daidaita Proxmox Backup Server biyu ya fi dacewa.

Nisa da gajimare

Akwai masu son a rubuta komai a wuri biyu lokaci guda, kada a rasa ko daƙiƙa. Manyan akwatunan ajiya irin na NetApp da Dell suna yin haka, amma haske a cikin faiba yana da iyakarsa: kowane kilomita 100 yana ƙara wajen milisakan 1 na zuwa da dawowa, kafin a lissafa na'urorin kan hanya. Kano zuwa Legas ya kai milisakan 10 ko a layi mafi kyau, kuma kowane rubutu sai ya jira wannan. Shi ya sa tsarin ya fi dacewa da gine-gine biyu a gari ɗaya. To amma gari ɗaya masifa ɗaya ke cin sa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, babban sashe na Maiduguri ruwa ya shafe a dare guda. Wanda cibiyarsa ta biyu ke unguwar gaba ya gudu ne bai tsira ba. Na gwammace in rasa aikin minti goma sha biyar, kwafina yana wani gari mai layin wuta da hanyar faiba na daban.

Gajimare kuma, wato hayar sabobin manyan kamfanoni ta intanet, yana da daɗi, don ba ka sayen sabobin da za su zauna suna jiran ranar da ba a fata. Azure Site Recovery da AWS Elastic Disaster Recovery duka suna wannan aiki. Amma Azure Site Recovery ba ya karɓar kwafin farko a faifai, sai ta layi, don haka lissafin dare goma sha takwas ɗin nan yana nan daram. Kuma cikakkun yankunan kamfanonin biyu a nahiyar nan a Afirka ta Kudu suke, na Microsoft tun 2019, na Amazon a Cape Town tun 2020, hanyar zuwa can kuwa ta ƙarƙashin teku ce. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har bankuna a Najeriya suka shiga matsala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Ma'aikatar da abokan hulɗarta ke cikin gida ta yi tunanin wannan kafin ta mayar da gajimare mafakarta guda tilo.

Akwai tafiyar da ba a cika lissafa ta ba, wato dawowa gida. In ka juya aiki zuwa cibiyar ko-ta-kwana ka yi wata guda a can, kuma sabobin gida sun ƙone ko ruwa ya ci su, terabait 4 ɗin nan sai sun sake bin hanyar da suka zo, wannan karon ana tsaka da aiki a kansu. Daga sabarka ta wani gari za ka iya sake cika faifai ka hau mota. Daga gajimare kuwa fitar da bayanai masu yawa haka kuɗi ne. Ka tambayi mai sayar maka da manhaja ya nuna maka dawowar a aikace, da VM guda, kana kallon agogo. Sannan ka ajiye faifan nan da ka kai iri da shi a can, a kulle, kusa da sabar, tare da takardar da ke nuna wace VM ce ke fara tashi da lambar wanda ke riƙe da makullin ɗakin janareta.